Muhawara: Ƙungiya ce Kentucky ta bana, ko taron 'yan haya?

Kawu: Assalamu alaikum. Na ƙare wa jadawalin ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza ta jami'ar Kentucky a Amurka na kakar 2025 zuwa 2026 kallo, kuma ina da magana, wanda zai ji haushi ya ji. Ranar 11 ga Nuwamba muna gidan Louisville. Bayan mako guda sai Michigan State a New York. Ranar 2 ga Disamba North Carolina za ta zo filinmu na Rupp Arena da ke Lexington, kwana uku kacal a tsakani sai Gonzaga a Nashville, ranar 13 Indiana, ranar 20 kuma St. John's ta tsohon kocinmu Rick Pitino a Atlanta. Duk wannan tun ba a shiga wasanni 18 na SEC, rukunin jami'o'in da muke ciki, ba. To da wa za a yi wannan yaƙin? Cikin masu buga wasa bara mutum huɗu ne suka rage: Oweh, Garrison, Chandler da Noah. Sauran ko dai sababbin shiga jami'a ne, ko kuma an yayubo su daga kasuwar sauya sheƙa, inda 'yan wasa ke komawa wata jami'ar, wannan daga Pittsburgh, wancan daga Alabama, wani daga Tulane. Ni dai a wurina abin da aka tattaro ta wannan hanya ba ƙungiya ba ne, taron 'yan haya ne, kuma ɗora musu irin wannan jadawali ganganci ne.

Auta: Wa alaikumus salam Kawu, Allah ya ƙara girma. Amma ai irin wannan maganar kuka yi mana bara, kuma bara ta fi bana muni. Da koci John Calipari ya tafi Arkansas a watan Afrilun 2024, ko ɗan wasa ɗaya mai tallafin karatu bai rage ba. Sabon koci Mark Pope ya zo ya tarar da ɗakin sauya kaya wayam. Ya ɗauko Lamont Butler daga San Diego State, Koby Brea daga Dayton, Amari Williams daga Drexel, Andrew Carr daga Wake Forest, Otega Oweh daga Oklahoma, Jaxson Robinson kuma ya biyo shi daga BYU. Waɗannan 'yan hayar su ne suka doke Duke mai Cooper Flagg da ci 77 da 72 a mako na biyu da fara kaka. Su ne aka tafi hutun rabin lokaci Gonzaga tana gabansu da maki 16 a Seattle, suka dawo suka cinye 90 da 89 a ƙarin lokaci. Su ne suka zura wa Florida maki 106 a watan Janairu, Floridar da ta zo ta ɗauki kofin ƙasa. Idan haya ce wannan, a ƙaro mana.

Kawu: Sannan aka ƙare a ina?

Auta: A zagayen 'yan 16 na gasar Maris, wato gasar cin kofin ƙasa ta jami'o'i.

Kawu: Madalla. Kofi takwas ne rataye a rufin Rupp. Ba a rataya tuta don zagayen 'yan 16 a can, ɗana.

Ɗan Yamai: Ku bar ni in yi dariya tukuna. Kun kori mutumin da ya kawo muku kofi a 2012, ya dawo gidanku ranar 1 ga Fabrairu da yaranku na da, Thiero da Wagner da Ivisic, ya lallasa ku 89 da 79 a gaban jama'arku. Mu ma Arkansas zagayen 'yan 16 muka kai, daidai da ku. Riba nawa kuka ci ke nan?

Auta: Ba korarsa aka yi ba Yaya, da ƙafarsa ya tafi. Kuma tun 2019 rabon Kentucky da wuce makon farko na gasar Maris sai a hannun Pope. A 2021 ko shiga gasar ba a yi ba. A 2022 Saint Peter's ta fitar da mu, a 2024 Oakland. Kar mu tono wannan.

Koci: Salamu alaikum. Bari in sa baki a matsayina na wanda ke wuni da yara a fili, don ina ganin Kawu yana da gaskiya a wani wuri, sai dai ba a inda ya nuna ba.

Kai hari abu ne da za ka iya haɗawa cikin wata biyu idan kana da masu hannu. Ka buɗe fili, ka ce kowa ya tsaya a gurbinsa, ƙwallo ta riƙa yawo, wanda ya samu sarari ya jefa. Brea ba sai ya san sunan mahaifin Carr ba kafin ya jefa mai maki uku. Tsaro ne ba ya saurin nuna. Ɗauki abu ɗaya kawai: dogon abokan hamayya ya taso ya tsaya ƙyam ya tare wa mai tsaronka hanya, mai riƙe da ƙwallo ya kewaya ta bayansa. A cikin daƙiƙa ɗaya dole mutum biyar su yanke shawara guda. Za mu yi musayar mutane ne? Dogonmu zai fito ya tare ne ko zai ja baya ya tsare kwando? Wa zai bar nasa mutumin a kusurwa ya shigo taimako, wa kuma zai rufe masa baya? Yaran da suka yi shekara uku tare ko magana ba sa yi, da ƙwayar ido suke gamawa. Waɗanda suka haɗu a watan Yuni kowa da karatun da tsohon kocinsa ya ɗora masa, sai ka ga biyu sun bi mutum ɗaya, ɗaya yana can shi kaɗai yana gyara tsayuwa.

Shi ya sa bara muke cin manya kuma muke shan kashi mai muni. Ohio State ta ba mu ratar maki 20 a New York. Alabama ta haɗu da mu sau uku ta ci duka ukun, ta zura 102, ta zura 96, ta zura 99. Da aka zo Maris, Tennessee da muka ci sau biyu a kaka ta danne mu 78 da 65. Su wa ke riƙe da tsaronta? Zakai Zeigler da Jahmai Mashack, kowannensu shekara huɗu a hannun kocinsu Rick Barnes.

Kawu: Allah ya yi maka albarka Malam. Abin da nake ta faɗa ke nan.

Koci: A'a Kawu, ban gama ba. Saboda haka ne ma na fi son jadawali mai zafi. Idan tsaronka yana da ɓaraka, gara Michigan State ta nuna maka ita a Nuwamba da ka gano ta a Maris. Wasa da ƙaramar makaranta ba ya nuna maka aibinka, domin tsawo da ƙarfi kawai sun isa su rufe kuskuren.

Auta: Kuma Malam, ita Tennessee ɗin ma a duba. Wanda ya fi ci mata maki bara, Chaz Lanier, daga North Florida ya zo. Dogonta Felix Okpara ɗan Najeriya daga Ohio State. Babu wanda hannunsa bai taɓa kasuwar nan ba.

Anti: Ina wuni jama'a, yanzu na taso daga aiki na tarar da ku kuna ta fama. Yaya, da girmanka, kalmar 'yan haya ɗin nan ce ba ta yi mini daɗi ba. Shi Mark Pope da kake yawan ba mu labarin yadda ya jagoranci yaran 1996 suka ɗauko kofi, a ina ya fara karatu? A jami'ar Washington. Shekara biyu ya yi a can kafin ya sauya sheƙa zuwa Kentucky. Derek Anderson na wannan tawagar daga Ohio State ya zo. Oscar Tshiebwe ɗan Kongo, wanda duk Lexington ke ji da shi, ya zama gwarzon ƙasa a 2022, daga West Virginia ya taho. Su ba 'yan haya ba ne?

Sannan masu horarwa fa? Pitino ya bar Kentucky a 1997 ya tafi Boston Celtics, ya juyo a 2001 ya karɓi Louisville, babbar abokiyar gabarku. Calipari ya bar Memphis a 2009. Pope ya bar BYU cikin kwanaki. Babu wanda aka ce ya zauna shekara guda ba aiki don ya koyi riƙon amana. Yaro kuwa kafin Oktoban 2018 sai da izinin makarantarsa wata za ta iya ko tuntuɓarsa, kuma ana iya rubuta masa jerin makarantun da ba a yarda ya je ba. Har zuwa 2021 idan ya sauya sai ya zauna kaka guda yana kallo. Ana sayar da riga mai lambarsa, ana cika fili mai cin mutum sama da dubu 20, shi ko kwabo. Laifi tudu ne, Yaya.

Kawu: Ƙanwata, kin kawo hujja kuma kin ba ni makami da hannunki. Gaskiya ne Pope ya zo daga Washington. Amma ya zauna kakar 1993 zuwa 1994 bai buga ko wasa ɗaya ba, kullum yana atisaye, yana shan tsawar Pitino, yana koyon gari da mutanensa. Shekara uku ya yi a Lexington. Da ya zama kyaftin ya san abin da yake riƙe da shi. Yau yaro zai zo a Yuni, a Afrilu ya sa sunansa a kasuwa. Kerr Kriisa ya yi Arizona, ya yi West Virginia, ya yi Kentucky, a 2025 ya koma Cincinnati. Wace rigar ce tasa? Ba na zagin yaron, tsarin nake zagi.

Anti: To ai ka sauko ke nan. Ɗazu yaran ne ba ƙungiya ba, yanzu tsari ne.

Kawu: Ban sauko ba. Tsarin ne ya haifi taron.

Ɗan Yamai: Abin da ke ba ni mamaki da mutanen Kentucky, yau kuke kukan yara ba sa zama? Shekara goma sha biyar kuna tafi wa masu kaka ɗaya. John Wall da Cousins kaka ɗaya. Anthony Davis kaka ɗaya. Towns da Booker kaka ɗaya. Reed Sheppard, ɗan gida, ubansa Jeff ya ci kofi biyu da rigar nan, shi ma kaka ɗaya ya yi Houston Rockets ta ɗauke shi a lamba ta uku. Lokacin ba ku ce haya ba.

Kawu: Ni na ce. Ka tambayi waɗanda suka san ni.

Koci: Amma ka lura da wani abu, Ɗan Yamai. Cikin duk shekarun nan sau ɗaya aka ɗauki kofi, kuma tawagar 2012 ba sababbi zalla ba ce. Akwai Darius Miller a shekararsa ta huɗu, akwai Terrence Jones da Doron Lamb a ta biyu, duk sun ɗanɗani faɗuwa a wasan kusa da na ƙarshe a 2011. Haka Florida ta bara. Walter Clayton daga Iona ya zo, Will Richard daga Belmont, amma kafin kofin Clayton ya yi kaka biyu a Gainesville, Richard uku. Alijah Martin da Rueben Chinyelu ɗan Najeriya ne aka ƙaro a kan ginin da ya riga ya tsaya. UConn ma da ta ci 2023 da 2024, Tristen Newton daga East Carolina ya zo amma ya zauna kaka biyu. Ba inda yaro ya fito ne ya dame ni ba, ko zai kai kaka ta biyu.

Auta: Shi ya sa dawowar Oweh ta fi mini duk wanda aka ɗauko. Ya sa sunansa a zaɓen NBA, inda ƙungiyoyin ƙwararru ke ɗaukar sababbin 'yan wasa, ya janye. Wanda ya fizge ƙwallo daga hannun Flagg a daƙiƙun ƙarshe, wanda ya ci tsohuwar makarantarsa Oklahoma sau biyu da jifar ƙarshe, yanzu ɗan gida ne. Kuma Denzel Aberdeen da aka ɗauko daga Florida da zoben zakara a hannunsa ya zo.

Alhajin Bronx: Ku manya kuna rigima a kan wa ya fi cin kasuwa, ku tambayi waɗanda ake ci da su mana. Saint Peter's ɗin nan da ta kunyata ku a 2022 tana nan Jersey City, ƙetaren kogi da mu. Ta ci ku, ta ci Murray State, ta ci Purdue, ta kai 'yan takwas. Ba a yi wata guda ba kocinsu Shaheen Holloway ya tafi Seton Hall, taurarin suka watse, kowa ya kama gabansa. Florida Atlantic ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2023. Bayan shekara guda Dusty May ya tafi Michigan da dogonsa Goldin, Johnell Davis ya tafi Arkansas, Martin ya tafi Florida. A gasar 2025 duka makarantu 16 da suka rage daga manyan rukunai huɗu suka fito, bakwai ma daga SEC. Huɗun ƙarshe kuwa duk masu lamba ɗaya ne, abin da ba a gani ba tun 2008. Ƙaramar makaranta ta raini yaro shekara biyu, da ya fara haske babba ta miƙo hannu. Abin da ke sa mu kwana muna kallon gasar Maris, wato ɗan talaka ya kayar da ɗan sarki, shi ake kashewa.

Auta: Alhaji, shekara ɗaya ba ta isa hujja ba. A 2024 Oakland ta ci mu 80 da 76, kuma wanda ya yi mana ɓarnar, Jack Gohlke, da jifa goma masu maki uku, shi ma sauya sheƙa ya yi daga Hillsdale, makarantar mataki na biyu. Kasuwar tana aiki ta kowane ɓangare. Akwai kuma yaran da ke dumama benci a manyan makarantu suna sauka ƙananan su zama taurari.

Alhajin Bronx: Wanda ya sauka saura ne, wanda ya hau zaɓaɓɓe ne. Ba ɗaya ba ne, ƙanena.

Anti: Alhaji a nan ina tare da kai rabi. Ƙananan makarantu suna cutuwa, ba musu. Amma ka sa kanka a matsayin Amari Williams. Yaro ne daga Ingila, ya yi shekara huɗu a Drexel, waɗanda suka san shi ba su da yawa. Kaka ɗaya a Kentucky, ana nuna shi a talabijin kowane mako, Boston ta samu shi a zagaye na biyu na zaɓen 2025. Brea ma a zagaye na biyu aka ɗauke shi. Za ka ce musu su zauna don mu ji daɗin kallo?

Abin da ya fi damuna ni daban ne, kuma ba wanda ya taɓo shi. Karatu. Makarantun mataki na farko sun haura 350, zaɓen NBA kuwa kusan mutum 60 yake ɗauka a shekara, har da 'yan ƙasashen waje. Mafi yawan yaran nan takardar digiri ce za ta ciyar da su. Duk sauya makaranta akwai darussan da sabuwar ba za ta amince da su ba, sai a tura yaro wani fannin da zai fi sauƙin cika sharaɗi, ba wanda yake so ba. Mai makaranta huɗu a shekara biyar, me ya karanta? Tun da kotu a West Virginia ta dakatar da dokar hana sauyi na biyu a Disamban 2023, hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA kuma ta janye ta a 2024, babu birki kuma.

Ga kuma yaranmu na Afirka. Tun 1 ga Yulin 2021 aka halatta wa ɗan wasa karɓar kuɗin talla da sunansa, amma mai bizar karatu ba shi da izinin yin irin wannan aikin a cikin Amurka. Tshiebwe sai da tawagar ta je Bahamas a Agustan 2022 ya samu ya yi ta ɗaukar tallace-tallace a can, don ya fita daga ƙasar. Wanda ba shi da sunan Tshiebwe fa? Ugonna Onyenso ya baro Najeriya ya yi kaka biyu a Kentucky, ya tafi Kansas State, a 2025 ya koma Virginia. Ina yi masa fatan alheri, amma ina son in san wa ke ba irin waɗannan yaran shawara, kuma nawa yake yanka.

Kawu: Kin ga ni? Ashe dai akwai gyara.

Anti: Akwai gyara Yaya, amma ba komawa zamanin ɗaure yaro ba. A yi kwantiragi a fili, shekara biyu ko uku, kowa ya san haƙƙinsa. Tun da alƙaliya Claudia Wilken ta amince da sulhun ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA a watan Yunin 2025, makaranta tana iya biyan 'yan wasanta kai tsaye, har kusan dala miliyan 20 da rabi a shekarar farko a duk wasanninta. Mai biyan albashi ai ya daina cewa ɗalibai ne kawai.

Ɗan Yamai: Ku dawo kan jadawali don Allah, kun tafi kotu.

Auta: To bari in faɗi dalilin da ya sa jadawali mai sauƙi ba gata ba ne. Makarantu 68 ne suka shiga gasar Maris ta 2025, kwamiti ne kuma ke zaɓen waɗanda ba su ci kofin rukuninsu ba, ya raba wa kowa lamba. Tun kakar 2018 zuwa 2019 suna amfani da ma'aunin NET mai jera makarantu bisa ƙarfinsu, suna kasa wasanni aji huɗu. Nasara tana shiga ajin farko idan ka ci wadda ke cikin 30 na sama a gidanka, ko cikin 50 a filin da ba na kowa ba, ko cikin 75 a gidanta. Ka faɗi a hannun Gonzaga a Nashville, ba wanda zai riƙe ka da shi sosai. Ka ci ta, ka samu abin nunawa. Amma ka kira ƙaramar makaranta ka biya ta kuɗi ta zo gidanka, in ka ci ba a ƙirga maka komai ba, in ta ci ka tabon yana nan har Maris. Mun gani da Evansville a Nuwamban 2019 muna lamba ɗaya a ƙasa, mun gani da UNC Wilmington a Disamban 2023, duka a Rupp. Bara mun sha kashi sau 11 kafin gasar, amma aka ba mu lamba uku, saboda manyan da muka kayar.

Kawu: Lissafi ya yi kyau a takarda. Jiki fa? A wasan Clemson Butler ya ji ciwo a idon sawu, bayan kwana huɗu aka tafi Seattle ba shi, a can ƙafar Kriisa ta karye, kakarsa ta ƙare. Daga baya kafaɗar Butler, sannan wuyan hannun Robinson. Mun shiga Maris da rabin tawaga. Bana kuma babban kamun da ake ta yayatawa, Jayden Quaintance, jijiyar gwiwarsa ta tsinke a Arizona State a watan Fabrairu, ba da shi za a fara ba. Shi ne fa yaron da ya yi mana alkawari zamanin Calipari ya janye. North Carolina ranar Talata, Gonzaga ranar Juma'a. Wa ya tsara wannan?

Koci: Ba mutum ɗaya ba ne Kawu, shi ne matsalar. Cikin wasanni 31, rukuni ne ke tsara 18. Wasan Michigan State na cikin yarjejeniyar da ta haɗa mu da su da Duke da Kansas tun 2011, ana juyawa duk shekara. Na North Carolina haɗin rukunin SEC da na ACC ne, masu talabijin ke da babban baki a ciki. Na Gonzaga da na Indiana tun Calipari yana nan aka sa hannu. Wato ana ƙulla jadawali shekara biyu ko uku gaba, tawaga kuwa a mako shida na bazara ake haɗa ta. Wanda ya sa hannu bai san da wa zai je ba, bai kuma san wa zai tarar ba. Indiana da za ta zo mana sabon koci gare ta, Darian DeVries, da sabuwar tawaga kusan gaba ɗaya. Louisville ma haka Pat Kelsey ya yi bara. Kowa ɗan haya yake fuskanta.

Kawu: Dawowar Indiana kam na yi murna da ita, ba zan ɓoye ba. Tun jifar ƙarshe da Watford na Indiana ya ci mu da ita a Disamban 2011 aka daina haɗuwar shekara-shekara saboda gardamar a ina za a riƙa bugawa. Wannan shi ne irin wasan da ya kamata a ce yana zuwa Rupp. Bara mai tikitin kaka me ya gani kafin Janairu in ka cire Louisville? Wright State, Bucknell, Jackson State, Colgate. Duke a Atlanta, Gonzaga a Seattle, Ohio State a New York. Manyan wasanni na masu kuɗin jirgi ne.

Auta: Mu da muke tashi ƙarfe uku na dare a Zariya, da ɗan abin da ya rage a batirin waya, duk fili ɗaya ne a wurinmu Kawu.

Kawu: Allah ya ba ka haƙuri. Amma bari in gaya muku wanda ya fi tsaya mini a rai. Travis Perry. Yaron Lyon County, ba namijin da ya taɓa cin makin da ya ci a tarihin makarantun sakandaren jihar Kentucky. Calipari ya tafi, shi bai janye ba. Da masu raba ƙwallo suka ji ciwo aka jefa shi cikin wuta, ya yi iya yinsa. Kaka ta ƙare, aka ɗauko wasu a kansa, yaro ya duba ya ga ba gurbi, a 2025 ya koma Ole Miss. A da irin wannan yaron ake raino, a shekara ta uku ya zama ƙashin bayan tawaga. Yanzu ba kocin da ke da haƙurin raino, don shi ma ba a yi masa haƙuri.

Anti: Da a zamanin da ne da yana nan a benci, ko ya tafi ya yi asarar shekara. Shi ya zaɓa, Yaya.

Kawu: Zaɓin wanda aka nuna wa ƙofa.

Auta: Akwai 'yan gida bana ai. Jasper Johnson da Malachi Moreno duk 'yan jihar ne, ga Trent Noah daga Harlan.

Kawu: Mu ga ko za su kai baɗi.

Koci: Ni abin da zan zuba wa ido bai kai baɗi ba. Mai raba ƙwallo na asali ɗaya na gani a tawagar nan, Jaland Lowe. Sauran duk masu kai hari ne da za a ce su riƙe na ɗan lokaci. An ƙaro tsawo, an ƙaro ƙarfi, Mouhamed Dioubate ma daga Alabamar da ta wahalar da mu aka ɗauko shi don ya gyara tsaro da kwasar ƙwallo a ƙarƙashin kwando. Amma masu hannu irin Brea sun ragu, kuma salon Pope a kan jifa daga nesa ya ginu. Kar wanda ya zo mana da hukunci ranar 12 ga Nuwamba, ko mun ci ko an ci mu. A bari a gama da St. John's, don yaran Pitino za su matsa wa mai riƙe da ƙwallo tun daga wancan kwandon. A nan za a ga ko akwai mutum na biyu da zai iya haye rabin fili da ita.

Alhajin Bronx: Ku zo Atlanta ɗin, malamin zai yi wa ɗalibinsa bita.

Ɗan Yamai: Ku dai ku rage ƙarfi, bana ku ne za ku zo mana Fayetteville.